Kafin a kafa maɓuɓɓugar ƙarfe a hanyar Garatu

Wanda ya tashi daga shataletalen Kpakungu a Minna ya miƙi hanyar Bida zai ga yadda birni ke cin ƙauye sannu a hankali. Zai wuce Gidan Mangoro da hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO, ya iso Gidan Kwano inda Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, ta yi mazauninta na dindindin, sannan gaba kaɗan ya faɗa Garatu a ƙaramar hukumar Bosso. Garatu garin manoma ne a ƙasar Gwari, kuma doya ce ta fitar da sunansa. A lokacin kaka za ka ga an jera ta ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya doya 100, an lulluɓe da ciyawa saboda rana, dillalai na ciniki, 'yan dako na lodi, manyan motoci sun yi layi a bakin titi. Gonakin da ke tsakanin nan da Minna kuwa suna ta komawa filoti, ɗakunan kwanan ɗalibai suna ta tsirowa. Duk inda birni ya doso haka, ba a daɗewa sai maganar ƙawata gari ta taso: shataletale, fitilu, dandali, da kuma abin nan da masu mulkinmu ke matuƙar so, wato maɓuɓɓugar ado, ƙarfe mai sheƙi a tsakiyar kwarmin siminti yana feshin ruwa sama. Gara a yi muhawarar tun kafin ɗan kwangila ya sauke yashi. Matsayin wannan rubutu shi ne, irin wannan aiki ya halatta a ƙasarmu, har ma ana bukatarsa, da sharaɗin ya shayar da mutane, ya ba su inuwa, kuma a ware abin da zai ciyar da shi tun ranar da aka aza tubalinsa.

Ana yawan ɗauka cewa maɓuɓɓugar ruwa a tsakiyar gari ado ce tun asali. Tarihinta ya nuna akasin haka. Shahararriyar maɓuɓɓugar Trevi da ke birnin Rum, wadda aka kammala a 1762, ita ce ƙarshen wata magudanar ruwa da aka gina tun shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) don kawo wa birnin ruwan sha daga nesa. Sai da ruwa ya iso aka yi masa kwalliya, don a nuna cewa mai mulki ya cika alkawari. Har yau akwai ƙananan famfunan baƙin ƙarfe fiye da 2,000 a titunan Rum da kowa ke sha kyauta. A ƙasashen Musulmi abin ya fi fitowa fili. Sabil ɗin da Abdurrahman Katkhuda ya gina a titin Mu'izz na Alƙahira a 1744 yana cikin gine-gine mafi kyau a tsohon birnin, amma aikinsa bai wuce biyu ba: a ƙasa ana miƙa wa mai wucewa ruwa ta tagogin ƙarfe, a sama yara na karatun Alƙur'ani. Alhazanmu sun san labarin Zubaida matar Haruna Rashid da magudanar da ta kai ruwa Makka da Arfa. Mu ma muna da namu, ko da yake ba a rubuta shi a littattafan gine-gine ba: randar da ake girkewa a ƙofar gida ko gindin bishiya kusa da masallaci, an rufe ta da faifai, an ɗora moɗa a kai, baƙo ya sha ya yi addu'a ya wuce. Wannan randar ita ce maɓuɓɓugarmu ta gargajiya, kuma ba a taɓa yi mata shinge ba.

Abin da muka kwafo a zamanin nan shi ne kwalliyar, muka bar magudanar a baya. Jihar Neja ce ke riƙe da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ga ta Jebba a kan iyakarta, amma a unguwannin Minna da yawa ƙarar da ke tashe da mutum da safe ita ce ta kurar ɗan ga-ruwa da jarkokinsa. Matatar Chanchaga da madatsun Tagwai da Bosso an yi su ne lokacin da birnin bai kai rabin girmansa na yanzu ba, kuma bututun ba su bi sababbin unguwanni ba. Ƙasar yankin dutse ce, ruwan da ke ƙarƙashinta yana maƙale ne a tsagogin dutsen, shi ya sa rijiyar burtsatse ɗaya za ta yi albarka, ta kusa da ita ta riƙa yin tari tun watan Maris. A irin wannan wuri, ƙarfen da ke watsa ruwa sama a cikin shinge, alhali mace na wucewa ta gefensa da jarka a kafaɗa, ya zama tsokana, ko da wanda ya zana shi bai nufi haka ba.

Masu goyon bayan irin waɗannan ayyuka suna da amsa a shirye: ai ruwan juyawa yake yi, injin ya tura shi sama, ya faɗo kwarmi, ya sake turawa, babu asara. Lissafi bai yarda da su ba. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Kwarmi zagayayye mai faɗin mita 10 yana da murabba'in mita wajen 78. Mu ɗauka rana da iska suna shanye milimita 6 a yini, abin da ba baƙo ba ne a hunturu da bazara, to an yi asarar lita wajen 470 kullum, kusan jarka 19 mai lita 25, tun kafin a lissafa wanda iska ke kwashewa daga feshin ta zuba a kwalta. Feshi kuwa shi ne hanya mafi sauri ta busar da ruwa, don yana farfasa shi ƙanana-ƙanana ya miƙa wa busasshiyar iska. Ƙurar hunturu tana sauka a kwarmin ta zama laka, lakar ta toshe matata da bakin bututu, injin ya yi ta wahala har ya ƙone. Ranar da ya tsaya, ko wuta ta ɗauke na kwanaki, ruwan ya kwanta, gansakuka ta rufe shi, leda da robar ruwa su taru, sauro ya samu gida. Mako ɗaya zuwa biyu sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Maɓuɓɓugar da alhazai ke hangowa a Jidda, wadda ta fara aiki a 1985 kuma take cilla ruwa sama da mita 260, daga Bahar Maliya take zuƙo ruwanta. Garatu ba ta da teku a bayan gida.

Kada kuma a ce wannan rashin kula ciwonmu ne mu kaɗai. Misali mafi kusa da abin da ake magana a kai yana birnin Detroit na Amurka. A dandalin Hart Plaza, a bakin kogi, akwai maɓuɓɓugar Dodge da fitaccen mai sassaƙa Isamu Noguchi ya zana a shekarun 1970: ƙaton zobe na ƙarfen da ba ya tsatsa, ɗauke a kan ƙafafu biyu, tsayinsa wajen mita 9, da ɗaruruwan bututun feshi da fitilu da na'ura ke sarrafawa. Kuɗin ginin ya fito ne daga wasiyyar Anna Thomson Dodge, ta gidan masu ƙera motoci, amma ɗawainiyar yau da gobe ta faɗo kan asusun birni. Birnin ya talauce, har ya bayyana karayar arziki a 2013, maɓuɓɓugar ta yi shekaru tana aiki rabi-rabi ko a bushe ƙayau. Sai a 2024 aka farfaɗo da ita, bayan an kashe fiye da dala miliyan 5. Ƙarfen bai yi komai ba duk tsawon lokacin. Abin da ya mutu shi ne abin da ido ba ya gani: injuna, wayoyi, bututu, ɗakin sarrafawa na ƙarƙashin ƙasa. A Legas ma maɓuɓɓugar da 'yan Labanan mazauna Najeriya suka bayar kyauta a dandalin Tinubu albarkacin samun 'yancin kai a 1960 ta sha bushewa da gyara. Dalilin ɗaya ne a ko'ina. Kuɗin gini yana fitowa daga kason manyan ayyuka, inda akwai kwangila da bikin ƙaddamarwa da allon suna, kuɗin sayen matata da biyan mai gadi kuwa yana kason gudanarwa, inda babu mai ɗaukar hoto. Magabatan da suka gina sabil sun gane wannan tun da wuri, shi ya sa ba su yin ginin sai da waƙafi: shaguna ko gonaki da kuɗin hayarsu zai riƙa biyan mai kula da wurin da masu ɗebo ruwa daga kogin Nilu. Sun san da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai suka ta biyu, daga ɗaya ɓangaren, kuma ta fi ta farko nauyi. Masu ita suna cewa a bar maganar ado gaba ɗaya har sai famfo ya zo kowane gida, asibiti ya samu magani, makaranta ta samu rufi. Ba za a raina wannan ba, musamman daga bakin wanda ke sayen ruwa kullum. Sai dai idan aka bi ta har ƙarshe, ma'anarta talaka ba shi da haƙƙin ganin abu mai kyau sai ranar da matsaloli suka ƙare, ranar da ba ta da alamar zuwa. Mai kuɗi yana da lambunsa da inuwarsa a bayan katanga. Ɗan dako da mai tallan fura da direban da ya kwana a hanya ba su da wurin hutawa sai wanda gari ya tanadar wa kowa. Kuma al'ummar nan ba ta taɓa jiran arziki kafin ta yi ado ba. Maginin Hausa ya yi wa bangon ƙasa zane da dagi, mai gyaran ƙwarya ya ƙona mata zane, maƙeran tagulla da masu narka gilas na Bida sun kai garinsu shiga jerin biranen fasahar hannu na UNESCO a 2021. Abin lura shi ne duk adon nan a jikin abin amfani yake: gida, ƙwarya, buta, tire. Don haka gardamar ba ta tsakanin ruwan sha da kyan gani ba ce, tunda ana iya sayen su biyun da kuɗi ɗaya idan aka tsara tun farko.

Nan ne masu fasaha za su ɗaga hannu su ce an mayar da su masu gyaran famfo, alhali aikin fasaha yana da 'yancin tsayuwa da kansa ba tare da ya yi wa kowa hidima ba. A ɗakin baje koli, ko a gidan wanda ya saya da kuɗinsa, haka ne. Tarihin Ladi Kwali ma yana ba su hujja. Wannan Bagwariya, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, kuma ta rasu a Minna a 1984. Tulunan da suka kai sunanta Ingila da Amurka an shafa musu sheƙi an gasa su da wuta mai tsanani, sai suka yi nauyi, suka daina tsattsafar da ruwa, wato suka rasa abin da ke sa tulun ƙasa sanyaya ruwa. Sun zama na kallo, kuma duniya ta yaba. Amma siffar da ta burge duniya, wuyan nan da cikin nan da zanen ƙadangare da kunama da kifi, ta samo ta ne daga tulun da matan Gwari ke ɗebo ruwa da shi a rafi. Sannan tulun Ladi Kwali ba ya cin kuɗin jama'a kowane wata, ba ya tare wa kowa hanya. Abin da aka dasa a filin kowa da kuɗin kowa dole ya amsa tambayar kowa.

Kano ta nuna abin da ke faruwa idan ado ya zama na gwamnati kawai. Don bikin cikar jihar shekara 50 a 2017 aka gina dogon abin tarihi a shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati, wanda wata matashiya mai zanen gine-gine, Kaltume Gana, ta zana. A watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan sabuwar gwamnati ta hau, aka rushe shi. An kawo dalilai na rashin inganci da na tsaro, wani babban jami'i kuma ya ce akwai siffar gicciye a jikinsa. Mutane da yawa sun yi takaici, wasu sun yi murna, aka yi ta cacar baki a Facebook, ƙura ta lafa. Ko wane ɓangare mutum yake, zai yarda cewa washegari babu wanda ya rasa wurin zama ko wurin shan ruwa, domin abin yana tsakiyar titi ne, ana ganinsa ta tagar mota kawai. Kwatanta da Unity Fountain na Abuja. Ba feshin ruwan ne ya ba shi suna ba. Filin da bishiyoyin da ke kewaye da shi ne suka sa masu fafutukar ceto 'yan matan Chibok suka mai da shi wurin zamansu tun daga Afrilun 2014, wasu masu koke suka biyo baya. Shataletale shi ne wuri mafi muni da za a ajiye abin da ake so jama'a su ɗauka nasu ne, kuma a hanya irin ta Bida, wadda tireloli da tankoki ba sa yankewa, tura yaro ya tsallaka zuwa tsakiyarsa ganganci ne.

To me ya dace da gari irin Garatu? Amsar tana tsaye a gefen kowace rijiyar burtsatse a jihar: hasumiyar ƙarfe mai ɗauke da tanki. Babu ginin ƙarfe da ruwa da ya kai ta yawa a ƙasar nan, kuma babu wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, ƙafafu huɗu na baƙin ƙarfe, walda ta gaggawa, fenti shafa ɗaya, baƙin tankin roba a sama. Kuwait ta nuna cewa ba dole ta zama haka ba. Hasumiyoyin ajiye ruwan da ta gina a shekarun 1970, wasu masu siffar lema, manyan kuma an lulluɓe ƙwallayensu da dubban faya-fayen ƙarfe masu launin shuɗi da kore, sun ci lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1980, kuma su ne tambarin ƙasar har yau. Kusa da gida, a Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara ta zana kasuwa inda aka kafa faya-fayen ƙarfe masu launi daban-daban a kan sanduna, wani sama da wani, suna yi wa 'yan kasuwa inuwa a kewayen tsohuwar bishiyar da aka saba cin kasuwa a gindinta. Ƙarfe ne na zamani, a ƙauyen Hausawa, kuma babu wanda zai tambayi amfaninsa da tsakar rana. A haɗa dabarun biyu a bakin kasuwa ko tashar mota: hasumiya da aka zana da gangan don ta yi kyau, farantan sola su zama rufin inuwa kuma su tuƙa injin, famfunan sha da na cika jarka a gefe ɗaya, wurin alwala a wani gefen, kwamin shayar da dabbobi can baya inda shanu ba za su cakuɗa da mutane ba, ruwan da ya zuba kuma a ja shi zuwa gindin bishiyoyi. Idan ana son motsin ruwa da sautinsa, siririn ruwa mai gangarowa a jikin dutse cikin inuwa ya wadatar, a rufe shi a bazara, a sake shi da damina. Yankin Minna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, wato rufin rumfuna mai murabba'in mita 500 zai iya tara lita wajen 500,000 idan an yi masa indararo da tankin ƙasa.

Zaɓen ƙarfen kansa yana bukatar hankali. Wanda ba ya tsatsa yana samun kariyarsa ne daga sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, kuma shigo da shi ake yi, tunda masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta har yau ba ta fara abin da aka gina ta dominsa ba. Idan aka yi masa walda da sandar baƙin ƙarfe, ko aka goge shi da abin da aka goge baƙin ƙarfe, tsatsa za ta fito daidai wurin ɗinkin. Nau'in ƙarfen da masu zane ke so saboda jar tsatsarsa mai kare shi kuwa sai yana jiƙa yana bushewa yake yin ƙarko, idan ya dawwama a cikin ruwa cinyewa yake yi. Ga zafi: a watan Maris da Afrilu, lokacin da Minna ke kusantar digiri 40, bencin ƙarfe ba ya zaunuwa. Wurin zama a yi shi da dutsen da yankin ke da shi a yalwace, ƙarfe ya tsaya sama da kuma inda ruwa ke bi. Jami'ar da ke Gidan Kwano tana da sashen zanen gine-gine da sassan injiniyanci, ga masu walda a Minna, ga maƙeran Bida. Abin da aka ƙera a gida, idan ya lalace, mai gyaransa yana nan kusa da babur ɗinsa.

Saura suka ta ƙarshe, wadda jami'ai suka fi faɗa a bayan fage: mutanenmu za su ɓata shi, mata su kawo wanki, yara su karya kan famfo, 'yan jari-bola su kwance abin da ya kwantu. Barazanar gaskiya ce. A farkon 2025 satar murafen magudanan titi ta kai hukumomin Abuja ga rufe kasuwannin panteka na wani lokaci. Kuma ƙauyukanmu cike suke da rijiyoyin burtsatse da suka mutu saboda abin da bai taka kara ya karya ba, don haka amfani kaɗai ba ya tsare abu. Amma ɓarawo ya fi son wurin da babu kowa, kuma shingaggen shataletale da ƙarfe biyu na dare shi ne irin wurin. Famfon da mai shayi da mai abinci da 'yan kamasho ke dogara da shi yana da masu gadi da ba a biya, kuma ranar da ya tsaya, kafin azahar ƙorafi ya isa wurin sarkin kasuwa. Abin da ya rage shi ne a rubuta a takardar aikin, tun kafin a sa hannu, shaguna nawa ne za a gina a gefen dandalin waɗanda hayarsu za ta shiga asusun gyara, wa zai riƙe makullin ɗakin injin, nawa mai cika kura zai biya a kan jarka alhali mai sha da mai alwala ba sa biya, da kuma shekara nawa ɗan kwangila zai ci gaba da zuwa duba aikinsa kafin a sakar masa ragowar kuɗinsa.